Tambayi Mai Haɗa Kwamfuta: Madabod Mai Araha Yana Sa Kwamfuta Nauyi?

Wasiƙun da suka taru mini a wannan fitowar kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato madabod, babban allon nan da ake dasa kayan cikin kwamfuta a jikinsa. Na zaɓi huɗu. Ta farkon ce za ta fi cin wuri, domin amsarta ta ɗauke rabin nauyin sauran.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina so in haɗa kwamfutar tebur a gida, ba ta wasan gem ba. Ni rubuce-rubuce ne da lissafi a Excel, uwargida tana bin darussa a YouTube, yara kuma aikin makaranta. Na riga na sayi akwati da SSD, sai na tsaya cak a kan madabod. Na ga A520, B550, H610 da B760, kowanne da nasa kuɗin. Wani abokina ya ce in na ɗauki mai araha kwamfutar za ta riƙa nauyi. Gaskiya ne? Daga wani magidanci.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abokinka ya faɗi abin da mutane da yawa suke faɗa, amma ba haka zancen yake ba. A irin aikin da ka lissafa, saurin kwamfuta daga wuri uku yake zuwa: furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, yawan RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da take aiki a ciki, da SSD, wato rumbun ajiye fayiloli. Shi madabod aikinsa ya sada su da juna, ya kuma ba su wuta. Ɗauki furosesa ɗaya, a ce Ryzen 5 5600G, ka dasa ta a kan A520 mafi araha, sannan ka cire ta ka mayar kan X570 mai fitilu kala-kala. Excel ɗinka zai buɗe yadda ya saba buɗewa, uwargida ma ba za ta ga wani canji a darasinta ba. Abin da ƙarin kuɗi ke saya maka a madabod shi ne yawan ramuka da ƙofofi, da juriyar ɗaukar manyan furosesoshi masu zuƙar wuta. Kai kuwa ba irin su za ka saka ba.

Sai dai ina da gyara a kan yadda ka ɗauko abin. Ka shiga neman madabod ba ka gaya mini furosesar da kake so ba, kamar mai cinikin sirdi bai ga dokin ba. Furosesa ake fara zaɓa, ita za ta nuna maka allon da zai karɓe ta, saboda kowace tana da irin gurbin da take zama, wanda ake kira soket. Sunaye huɗun da ka kawo ma gida biyu ne. A520 da B550 na AMD ne, soket ɗinsu AM4, wanda ya fito tun 2016 kuma ya ɗauki Ryzen daga jerin 1000 har zuwa 5000. H610 da B760 na Intel ne, soket ɗinsu LGA1700, wanda ya zo a 2021 kuma yake karɓar zubi na 12, na 13 da na 14. Furosesar wannan gida ba ta shiga wancan, ko da guduma. Akwai sababbi a bayansu, AM5 na AMD daga 2022 da LGA1851 na Intel daga 2024, amma su RAM samfurin DDR5 kaɗai suke ci, don haka in aljihu ake lallaɓawa ba nan aka fi dosa ba.

To, a cikin kowane gida me ya raba ƙarami da babba?

A ɓangaren AMD, babban abin da B550 ke taƙama da shi a kan A520 shi ne PCIe 4.0, hanyar da SSD da katin hoto, wato katin da ke fitar da hoto zuwa sikirin, ke bi su yi magana da furosesa. Ga inda mutane ke asarar kuɗi ba su sani ba: ita 5600G, wadda ta fi dacewa da kwamfutar gida saboda tana fitar da hoto da kanta, iyakarta PCIe 3.0. Ko ka ɗora ta a B550, a 3.0 za ta tsaya. Kuma 3.0 ɗin ba abin rainawa ba ne. SSD ƙirar NVMe a kansa yana kai wa kusan megabait 3,500 a daƙiƙa, alhali SSD na wayar SATA a wajen 550 yake tsayawa, shi ma kuma ba wanda ya taɓa kawo mini ƙararsa a kan buɗe takarda. A ɓangaren Intel, H610 ramin RAM biyu gare shi, kuma galibi gurbin M.2, inda ake dasa SSD ƙirar NVMe, ɗaya ne. B760 sau da yawa yana zuwa da ramin RAM huɗu da gurbin M.2 biyu ko fiye. Wato bambancin na wurin ƙari ne nan gaba, ba na gudu ba ne a yau.

Da ni ne kai, ɗayan biyu zan yi. Ko dai Ryzen 5 5600G a kan A520, ko Core i3-12100 a kan H610. In kana da ɗan sarari a aljihu ka hau i5-12400, mai ƙwaya shida, wato sassan aiki shida a cikinta, a maimakon i3 mai ƙwaya huɗu. Rarar da ta fito daga madabod ka zuba ta a RAM, ka kai gigabait 16. A nan ne za ka ji kuɗinka a hannu, ranar da yara suka buɗe shafuka ashirin a burauza suka tafi suka bar su.

Game da RAM ɗin, ka sayi sanda biyu masu gigabait 8, kada ka sayi ɗaya mai 16. Furosesa tana ɗiban bayanai ta hanya biyu a lokaci guda idan sandunan biyu ne, kuma ɓangaren hoton da ke cikinta ba shi da rumbun kansa, daga RAM yake aro. Sanda ɗaya tana shaƙe shi. Gaskiyar da ba zan ɓoye maka ba ita ce, a allo mai rami biyu ka cike duka ke nan, ranar da ka so ƙari sai dai ka cire tsofaffin. Idan wannan zai dame ka, nemi mai rami huɗu, akwai A520 masu haka. A mai huɗun, sanduna biyu a rami na biyu da na huɗu ake saka su in ka ƙirgo daga wajen furosesa, sai dai in littafin allon ya ce ba haka ba.

Yanzu ga aikin da nake so ka yi kafin ka biya ko sisi. Ka zauna da takarda ka rubuta duk abin da za a soka wa kwamfutar nan: kibod, linzami, firinta, kyamarar taro, filashin yara, wataƙila da wayar cajin wani. Sannan ka buɗe hoton bayan madabod ɗin ka ƙirga ƙofofin USB da yatsa. A nan ne allo mai araha ke yin ƙwauro, wani huɗu kacal za ka tarar. Ka duba kuma wayar da sikirinka yake karɓa. In tsohon monita ne mai filogin nan shuɗi na VGA, ka tabbata allon yana da ita, don ba kowanne ke zuwa da ita yanzu ba. In sabo ne, HDMI ko DisplayPort. Ka leƙa gaban akwatin da ka saya. Idan yana da ƙofar USB-C, sai allon yana da mazaunin wayarta a ciki kafin ta yi aiki, kuma masu araha da yawa ba su da shi. Ba ƙarshen duniya ba ne, amma ƙofar za ta zauna a matsayin ado.

Batun Wi-Fi ma haka. Madabod mai araha yawanci ramin wayar intanet kawai yake da shi. Idan rauta, na'urar da ke raba intanet a gida, tana nesa da teburin, ko ka sayi allon da aka rubuta WiFi a ƙarshen sunansa, ko ka ƙara ɗan kati a ramin PCIe, ko ɗan mitsitsin nan na USB. Ni na fi son wanda ya zo a jikin allo, domin yana tahowa da Bluetooth da eriya ta kirki, kuma bai cinye maka ƙofar USB ba. Ka haɗa kuɗin allo da na katin, ka gwada da na mai WiFi a jiki, sau da yawa tazarar ba ta taka kara ta karya ba.

Girma kuwa ba wuya. ATX milimita 305 ne a 244, microATX 244 a 244, Mini-ITX kuma 170 a 170. Masu araha mafi yawansu microATX ne, kuma yana zama lafiya a akwatin ATX. Akasin haka ne ba ya yiwuwa. Tunda ka riga ka sayi akwati, duba takardarsa ka ga wanne yake ɗauka. Kada ƙanƙantar Mini-ITX ta ruɗe ka ka zaci ya fi araha, shi ne ma ya fi tsada a mafi yawan lokuta.

Akwai wurin da maganar abokinka take da ƙamshin gaskiya, kuma ba zan danne masa haƙƙi ba. A gefen soket akwai wasu 'yan dunƙule-dunƙule a jere, ana kiran su VRM. Su ke karɓar wuta mai bolt 12 su sauko da ita zuwa bolt ɗaya da 'yan kai da furosesa ke sha. A allo mai araha ba su da yawa, wani lokaci ma tsirara suke ba ƙarfen sanyaya a kansu. Ka ɗora musu Ryzen 9 ko Core i9 ka ba ta aiki mai nauyi na tsawon lokaci, za su yi zafi, furosesar ta ja da baya don kada a yi ɓarna. A nan kam allo ya rage gudu. Amma 5600G da i5-12400 masu wat 65 ne, ba sa wahalar da kowa. Duk da haka, in ka ga allo biyu kusan kuɗi ɗaya, ɗaya da ƙarfen sanyaya a kan VRM ɗaya babu, ɗauki mai ƙarfen.

Saura tarko ɗaya, BIOS, wato 'yar manhajar da ke zaune a cikin allon tana gane kayan da aka dasa masa. A520 da B550 sun fito a 2020, ita kuwa 5600G sai a 2021. Allon da ya daɗe a ajiye yana iya zuwa da tsohon BIOS da bai san ta ba, ka kunna ka ji shiru. Haka H610 yake da furosesar zubi na 13 ko na 14. Maganin shi ne ka shiga shafin kamfanin da ya ƙera allon, ka nemi jerin furosesoshin da yake karɓa, ka ga lambar BIOS da taka take buƙata, ka tambayi mai sayarwa ko an sabunta. Wasu allunan suna da ɗan maɓalli a baya da ke sabunta BIOS daga filashi ko babu furosesa a ciki. ASUS na kiransa USB BIOS FlashBack, Gigabyte na ce masa Q-Flash Plus, MSI kuma Flash BIOS Button. In ka samu mai shi a cikin masu araha, ka yi dace. Ranar da za ka sabunta kuma, ka tabbata wuta ba za ta ɗauke a tsakiyar aikin ba, don hakan na iya kashe allon.

Ka lura ban ce maka ɗauki kamfani kaza ba. ASUS, Gigabyte, MSI da ASRock duk suna da na kirki, suna kuma da na jeka-na-yi-ka a ƙasan jerinsu. Samfurin ake dubawa da garantin da ke kansa, ba tambarin ba.

Tambaya: Baba, na haɗa kwamfutata ta farko da Core i3-12100F da H610. Fanka tana juyawa, fitila tana kamawa, amma sikirin baƙi ƙirin. Na canza wayar HDMI har sau biyu. Madabod ɗin ne ya lalace? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Ɗana, kwantar da hankalinka, da alama allonka lafiyarsa lau. Matsalar tana cikin harafin ƙarshe na sunan furosesarka. A wurin Intel, F na nufin an kashe ɓangaren da ke fitar da hoto, shi ya sa take ɗan fi araha. Ramin HDMI da kake gani a bayan madabod ƙofa ce kawai, ba shi ke haifar da hoto ba. In furosesa ba ta aiko da komai ba, ba abin da zai fito ta nan ko ka canza waya goma.

Kada ka ji kunya, ni da nake ba ka amsa na taɓa faɗawa wannan rami. Lokacin da Ryzen 5 3600 ta fito a 2019 na haɗa wa wani ɗan'uwana kwamfuta da ita. Na kunna, shiru. Na zare RAM na mayar, na cire batirin allo, na kwance komai na sake ɗaurawa har dare ya raba. Washegari na ɗauki allon na koma wurin wanda ya sayar mini, ina ta faɗa wai ya ba ni mataccen kaya. Bawan Allah bai ce mini uffan ba. Ya ɗauko wani tsohon katin hoto duk ƙura, ya soka, ya kunna, sai ga tambarin kamfani ya bayyana a sikirin tar. Na fi shekara goma ina wannan aiki a lokacin, amma na manta cewa a soket AM4 sai Ryzen mai G a ƙarshe ce ke fitar da hoto. Haƙuri na ba shi, na tattara kayana.

Mafita biyu gare ka. Ko a canza maka zuwa i3-12100 marar F, ko ka sayi ƙaramin katin hoto. In katin ka saka, wayar HDMI a jikin katin za ka soka ta, can ƙasa, ba a ramin madabod ba. Idan ka yi haka har yanzu shiru, duba wayar wuta mai ƙafa 4 ko 8 da ke shiga saman allo kusa da furosesa, sababbin hannu suna yawan manta ta bayan sun soka babbar mai ƙafa 24. Sannan ka danna RAM sosai har ka ji ya ce ƙas.

Tambaya: Malam, ina da RAM DDR4 guda biyu masu gigabait 8 daga tsohuwar kwamfutata. Zan iya amfani da su a sabon madabod? Daga wata malamar makaranta.

Amsa: Malama, za ki iya, in kin zaɓi allon da ya dace. Duk allon AM4 DDR4 yake ci, nan ba ki da damuwa. AM5 kuwa ba ya karɓar sa sam. LGA1700 ne mai fuska biyu: samfuri ɗaya yana iya fitowa da na DDR4 da na DDR5, sunan kusan iri ɗaya, sai dai a ƙara D4 ko DDR4 a ƙarshe. Ki karanta sunan har ƙarshensa. DDR4 da DDR5 duk ƙafa 288 gare su, tsawonsu ɗaya, amma 'yar tsagar da ke ƙasan sandar ba a wuri ɗaya take ba, saboda haka in ya ƙi shiga kada ki matsa.

Abu ɗaya ba ki faɗa ba: tsohuwar ta tebur ce ko laftof? In laftof ce, RAM ɗinta gajere ne mai ƙafa 260, ba zai zauna a allon tebur ba.

Tambaya: Yallaɓai, wani zai sayar mini da madabod na hannu tare da furosesa Core i5-7400 a jiki, da sauƙi ƙwarai. In karɓa? Daga wani mai ɗinki.

Amsa: Maigida, ni dai da zan haƙura da wannan, ba don na hannu ba ne, sai don shekarunsa. i5-7400 zubi na 7 ce, ita kuwa Windows 11 a hukumance daga zubi na 8 take farawa a Intel, a AMD kuma daga Ryzen 2000, ban da irin su 2200G da 2400G. Microsoft ta sa 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar daina tallafa wa Windows 10. Akwai dabarun tura Windows 11 a kan tsohuwar na'ura da ƙarfin tsiya, amma ba zan ɗora kwamfutar da kake ajiye lissafin sana'arka a kan dabara ba. In Linux za ka saka a maimakon Windows, wannan wata magana ce, allon zai yi maka aiki sosai.

Idan ka samu na hannu daga zubi na 8 zuwa sama, ga yadda nake yi ni. Ba na biya sai an kunna a gabana na ga ya shiga BIOS. Ina sa a cire furosesar in haska soket da tocilan ta gefe. A allunan Intel da na AM5 'yan siraran allurai a cikin soket suke, sun fi dubu, kuma in ɗaya ta lanƙwashe za ka ga wurin yana ƙyalli daban da sauran. A AM4 alluran a jikin furosesar suke, can za ka duba. Ina gwada sandar RAM a kowane rami ɗaya bayan ɗaya, domin allura ɗaya da ta karkace tana iya kashe rami guda alhali kwamfutar tana tashi kamar ba komai. Ina soka filashi a kowace ƙofar USB. Ina sunsuna allon, ƙauri ba ya ɓuya. In ka ga agogon BIOS ya koma wata tsohuwar shekara, wannan ba ciwo ba ne, ɗan batirin nan ne mai kama da kwabo, CR2032, ya mutu, a canza shi kawai.

Kada kuma ka baro wurin ba tare da farantin ƙarfen nan na bayan akwati ba, mai huji-hujin da ƙofofin ke leƙowa. Kowane samfurin allo da nasa, kuma masu sayar da na hannu sun fi mantawa da shi a jikin tsohon akwati.